Furen da ke Bayan Tarakta

Ko-a-Barci ba sunan da iyayensa suka sa masa ba ne, bakinsa ne ya raɗa masa. Duk aikin da aka ambata a gabansa, daga gyaran agogo har tuƙin jirgin sama, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan? Ko a barci sai in yi shi." Rediyon Mai Aski da ya gyara, tun ranar ba ta ƙara magana ba sai an mare ta. Famfon unguwa da ya taɓa kuwa, yanzu iska yake bayarwa, ita ma sai an yi masa haƙuri.

Surukinsa, mahaifin matarsa, tsoho ne mai gona da yawa da magana kaɗan. Shi ya sayi tarakta sabuwa fil, ja, tana ƙyalli. Gwiwoyinsa sun gaji, ɗansa namiji yana birni, saboda haka da ya waiga neman direba sai ya ga babu kowa a tsaye sai mijin 'yarsa, yana murmushi.

Tsohon ya ja shi zuwa bayan taraktar. A ƙarƙashin kujera akwai wani akwatin ƙarfe mai kauri, wanda hannuwan ɗaga garma suke fitowa daga jikinsa. Kowane noti da ke riƙe da akwatin an ɗiga masa fenti rawaya a ka.

"Ka ga ɗigon nan?" in ji tsohon. "Mutanen dillalin da ya sayar mini da ita sun ce muddin bai tsage ba, duk abin da ya lalace su za su sauya, kyauta. Ranar da sifana ta taɓa shi, babu ruwansu. Ni ma haka. Makullin nan naka ne har ranar da ka sa mata sifana."

"Haba Baba, ni da inji ai..."

"Na san ka da inji. Shi ya sa nake magana."

Ya miƙa masa makulli, ya tafi birni wurin ɗansa a duba masa gwiwa.

Tun daga ranar Ko-a-Barci ya daina tafiya da ƙafa. Shagon Mai Aski yana kallon ƙofar gidansa, amma a kan tarakta yake zuwa aski. Makullin kuwa a wuya ya rataye shi, a kan riga ba a ciki ba. Duk mai gona a unguwar sai da ya yi masa alkawarin huɗa kafin ma a roƙe shi.

Tsakanin gidan da shagon akwai wani tsohon kututture da ya sha cin yatsun mutane. Wata rana da hantsi, bencin shagon ya cika, Mai Aski ya nuna shi da almakashi.

"Direba, wannan jar taka za ta iya da shi kuwa? Ko dai ta kwalliya ce?"

"Wannan? Ko a barci."

Aka kawo sarƙa, aka ɗaure kututture. To, a can ƙasan taraktar akwai sandar ƙarfe da aka yi musamman domin jan kaya. Amma kafin mutum ya kai gare ta sai ya durƙusa, Ko-a-Barci kuwa sabon wando ne a jikinsa, ga jama'a suna kallo. Sai ya laluba daga tsaye, ya samu wani kunne a saman akwatin baya, inda ake maƙala hannun garma na sama, ya zura sarƙar a nan.

Goggo, ƙanwar surukinsa, tana wucewa da kwando. Ta tsaya.

"Yaron nan, ba a ƙasa na ga ana ɗaurawa ba?"

"Goggo, ƙasa ta 'yan koyo ce. Ƙarfi daga sama yake saukowa."

Ya hau, ya sa giya, ya danna totur. Sarƙa ta miƙe. Gaban tarakta ya ɗaga sama kamar akuya mai neman ganye a reshe. Aka ji "ƙas!" Gaban ya dawo ƙasa da ƙarfi, hannuwan garma suka zube kamar na wanda aka faɗa wa mugun labari, mai ya fara tsiyaya daga wata tsaga mai tsawon tafin hannu a jikin akwatin. Kututture bai motsa ba. Wani ƙadangare ne kawai ya sauka daga kansa, ya koma gefe yana gyaɗa kai.

"To," in ji Mai Aski, "ga ƙarfin nan yana saukowa. Ku kawo kwano."

Washegari Ko-a-Barci ya tafi wurin dillali. Ofis ne mai sanyi, gilashi ko'ina, bango cike da hotunan manoma masu dariya. A kan dogon benci wasu mutane suna zaune shiru, kowanne da tabon mai a wando. Na kusa da shi ya matsa masa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Naka ma bayan ne?"

Wata mata a bayan tebur ta ce Manaja yana taro. Da aka jima ta ce ya fita. Da aka ƙara jimawa sai ga shi ya fito daga ɗakin da aka ce ya bari, yana sakace. Mutum ne mai murmushin da ba ya gajiya.

"Akwatin baya? Ya tsage? Ikon Allah. Tunda muka fara sayar da irin wannan, ba mu taɓa jin haka ba."

Ta tagar da ke bayansa ana hango layin taraktoci jajaye, kowace da roba a ƙarƙashin bayanta tana tarar mai. Kaji har sun fara ƙwai a inuwar ta farko.

"Ka ja wani abu mai nauyi da ita?" in ji Manaja.

"Ni? Ranka ya daɗe, ko iska sai na duba nauyinta."

"To babu damuwa. Garantinka yana nan. Kai dai kada ka taɓa."

Bayan an sha zirga-zirga aka turo Babban Makanike. Ya sauko daga mota cikin farar rigar aiki wadda tunda aka ɗinka ta ba ta taɓa gaisawa da baƙin mai ba. Ya tsaya nesa da taraktar kamar mai gudun kamuwa da mura, ya ɗaga waya, ya ɗauki hoto.

"Oga, ba za ka leƙa ciki ba?" in ji Ko-a-Barci.

"Na leƙa. Wayar tana jawo abu kusa."

"Yaushe za a gyara?"

"Kayan yana cikin jirgin ruwa. Kada a taɓa."

Jirgin nan kuwa ba a taɓa ganin jirgi mai natsuwa irinsa ba. Da Ko-a-Barci ya koma, aka ce yana tsakiyar teku. Da ya sake komawa, aka ce ya iso, sai dai akwatin nasa yana ƙarƙashin akwatunan wasu, kuma ba ladabi ba ne a tsallake mutane. Da ya kira a waya, aka ce wanda ya san inda kayan yake ya tafi hutu. Wata rana aka kira shi da gaggawa, ya je a guje, aka buɗe masa kwali, sai ga murfin fitilar gaba. Ya ce shi baya ne ya lalace masa. Matar da ke tebur ta ce ai duk tarakta ɗaya ce. A zuwansa na ƙarshe Manaja da kansa ya rako shi har ƙofa, ya ɗora masa hula mai tambarin kamfani a ka.

"Wannan don ka san ba mu manta da kai ba."

Ya dawo unguwa da hular, ya ce wa mutanen benci kamfani ne ya karrama shi.

Ana cikin haka ruwa ya sauka. Ƙasa ta jiƙa, ta yi laushi, ta fara ƙamshi. Masu gonakin da aka yi wa alkawari suka fara wucewa ta ƙofar gidansa a hankali, suna gaishe shi da irin gaisuwar da ba ta neman amsa. Goggo ita ba ta iya wannan ba.

"Direba, ciyawar gonata ta fara gane ni. Jiya har hanya ta ba ni."

"Goggo, kayan yana hanya."

"Damina ma tana hanya, ita ba ta tsayawa taro."

Mai Aski ya ce, "Ku bar shi mana. Ya ce ko a barci zai yi, sai taraktar ta riga shi kwanciya."

Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar da matarsa ta ajiye waya, ta ce Baba ya ce gwiwa ta yi sauƙi, yana nan tafe ƙarshen mako. Ko-a-Barci ya daɗe yana kallon taraktar. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da buhun sifanoni.

Matar ta tare ƙofa. "Baban yara, ina za ka da waɗannan?"

"Zan duba ne kawai."

"Da sifana ake dubawa? Fashewa ba laifinka ba ce a wurin Baba, tunda ba ya nan balle ya ga kututture. Sifana ce laifi. Ka bari ya zo ya tarar da ita a haka."

"Ya tarar da ita tana yoyo, a ce ni ina gari? Mutanen can fa ba su fi ni komai ba sai farar riga."

"Ɗigon fa?"

"Ɗigo ai fenti ne, Maman yara. Fenti kuwa a gwangwani ake sayar da shi."

Aikin a fili aka yi shi, a ƙofar gida, domin Ko-a-Barci ba ya iya aiki babu 'yan kallo. Bahon wankin matarsa ya zama na tarar mai. Notin farko ya ƙi, ya sa bututu a jikin sifana, ya hau kai da ƙafa biyu, notin ya yarda, shi kuma ya sauka a cikin baho. Da ya ɗaga murfin akwatin, wani sifirin, irin wayar ƙarfen nan mai murɗi, ya yi tsalle ya haye katangar maƙwabta, aka ji kaza ta yi ƙara. Wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe suka gangaro suka bazu cikin yashi, masu kallo suka taya shi tsinta, kowa ya kawo abin da ya samu, har da maɓallin riga.

Ya aika aka kira Mai Walda, mutumin da duk ƙofofi da tagogin unguwar aikinsa ne. Bai taɓa taɓa tarakta ba, amma bai ga dalilin faɗa ba.

"Za ka iya da wannan?" in ji Ko-a-Barci.

Mai Walda ya ƙwanƙwasa akwatin da ɗan yatsa. "Ƙarfe ai ƙarfe ne."

"Ka ji mutum! Da ni da kai aka bar wa kamfanin can, da jirgin ruwa ya huta."

Aka kunna inji, wuta ta yi ta tartsatsi. Ko-a-Barci yana tsaye a kansa yana cewa a ƙara wuta. Aka ƙara. Tsagar ta rufe, amma a ƙarshenta wutar ta huda rami wanda babban yatsa zai shiga. Mai Walda bai damu ba. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko furen ƙarfe mai ganye biyar, irin wanda yake sa wa ƙofofi, ya ɗora a kan ramin, ya liƙe shi da walda.

"Fure kuma?" in ji matar daga bakin ƙofa.

"Hajiya, babu aikin da ke barin hannuna babu fure. Ta nan ake gane ni."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Da aka zo mayarwa, komai ya shiga da taimakon guduma. Da aka ɗaure noti na ƙarshe, sai ga kwano guda cike da kayan da ba su samu wuri ba: sifirin, ƙwallaye, wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙugiya.

Mai Aski ya leƙa kwanon. "Waɗannan fa, marayu ne?"

"Kamfani ne ke cusa su don abu ya yi nauyi a ce mai kyau ne. Na rage mata kaya."

Saura ɗigo. Ya samo fenti rawaya, ya fiƙe tsinken ashana, ya durƙusa, wannan karon bai tuna da wando ba. A nan dole a faɗi gaskiya: ɗigon ya yi kyau. Kowanne zagaye, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kowanne ya haɗa kan noti da jikin ƙarfe kamar an haife su tare. A duk rayuwar Ko-a-Barci, wannan ne aiki ɗaya da ya fita daga hannunsa babu abin cewa. Shi kansa ya ja da baya yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

Matarsa ce ta kwaɓa taɓo da giris, ta shafe waldar da furen har suka ɓace. Goggo kuma ta juya ta fuskanci jama'a, ta riƙe ƙugu.

"Kowa ya gani, ko? To babu wanda ya gani. Yayana ba zai ji ba, mutanen kamfani ba za su ji ba. Gonakinmu ne a kan layi. Duk wanda ya buɗe baki, shi zai nome mini tawa da fartanya."

Aka watse a kan haka. Aka maƙala garma a baya, aka bar fenti ya bushe, za a gwada da safe.

Da safen, kafin a tayar da inji, motar haya ta sauke tsohon da sabuwar sanda a hannu. Ana cikin yi masa sannu da zuwa, an kawo masa kujera ƙofar gida, sai ga wata mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo layin. A bayanta akwatin katako ne babba, ma'aikata suna riƙe da shi. A gaba Manaja ne da Babban Makanike. Jirgin ruwa ya iso.

Manaja ya sauko da murmushinsa, ya gaida tsohon hannu biyu, ya yi masa bayanin cewa akwatin baya ya ɗan samu matsala, abin da bai taɓa faruwa ba, amma ga sabo kamfani ya kawo kyauta, kuma shi da kansa ya zo don a ɗauki hoton miƙawa. Aka buɗe katakon. Sabon akwati yana kwance cikin leda, yana sheƙi.

Tsohon ya dubi surukinsa. "Ta fashe?"

"Ta ɗan tsage, Baba."

"Ƙarfe yana fashewa. Ka taɓa?"

Kafin Ko-a-Barci ya buɗe baki, Goggo ta ce, "Yaya, ya gwiwar?" da ƙarfin da ya sa tsohon ya juya.

"Abu ɗaya ya rage," in ji Manaja. "Oga zai duba ɗigo, mu sauke kaya."

Jama'a suka matso. Mai Aski ya fito da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Babban Makanike ya tako zuwa inda ya saba tsayawa, ya ga taɓo, ya dubi farar rigarsa, bai ƙara taku ba. Ya ɗaga waya, ya jawo notocin kusa.

"Lafiya lau. Ba a taɓa ba."

Aka ji numfashin mutane ya sauka gaba ɗaya. Matar Ko-a-Barci ta rufe ido tana motsa leɓe. Ma'aikatan motar suka kama akwatin za su sauke.

Da Manaja ya yi shiru a nan, da an gama. Amma ya ga taro, kuma an fara ɗaukar hoto.

"Jama'a, ina yaba muku. A wasu wurare masu karambani sun ba mu wahala. Nan kuwa, an gode Allah, da gani babu wanda ya san ta ina ake riƙe sifana."

Ko-a-Barci ya ɗago kai. Matarsa ta matso kusa da shi.

"Ko sun sani, Manaja," in ji Babban Makanike, "notin nan ba ya kwancuwa a hannun irin mutanen nan. Kuma dubi ɗigon." Ya juya wayar yana nuna wa na kusa. "Kun ga yadda ya zauna? Na'ura ce ke sa shi a can inda ake ƙera su. Hannun mutum ba zai taɓa yin wannan ba."

"Na'ura?" in ji Ko-a-Barci a hankali.

Matarsa ta taka masa ƙafa. Goggo ta kama tari. Mai Aski ya mari rediyonsa, ta ɓarke da kiɗa.

Babban Makanike ya dafa kafaɗarsa da yatsu biyu. "Kai ne direban? Madalla. Irinku muke so. Ka san sitiyari, kuma ka san ba ka san komai ba."

"Baban yara," in ji matar ta cikin haƙora, "ka shiga gida ka sha ruwa."

Ko-a-Barci ya kumbura. Ya dubi ɗigon nan nasa, aikin hannunsa, abu mafi kyau da ya taɓa yi, ana ba wa wata na'ura da ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

"Wace na'ura? NI NE NA'URAR!"

Rediyo ta yi shiru da kanta.

"Ni na sa ɗigon nan! Da tsinken ashana! Notin da ka ce ba ya kwancuwa, ni na kwance shi, duka, na buɗe cikinta na ga abin da kai ba ka taɓa gani ba sai a waya!"

"Zafin rana ne," in ji Goggo. "Tun yana yaro yake wannan sambatun."

"Goggo, ki bari! Yau sai sun san da wa suke magana!"

Ya cire hular kamfani, ya goge taɓon da ita. Walda ta fito, baƙa, mai ƙuraje. A ƙarshenta fure ya buɗe ganyensa biyar yana kallon jama'a. Mai Walda, daga bayan taro, ya ɗaga hannu don a san yana nan. Ko-a-Barci ya ruga cikin gida ya fito da kwanon marayu, ya girgiza shi a gaban Manaja, ya danƙa masa a hannu.

"Ga shaida! Waɗannan duk daga cikinta na cire su!"

Murmushin Manaja ya canza. Wanda ya saba yi na aiki ne. Wannan kuwa daga zuciya ya fito.

"Malam, don Allah maimaita. Kai ka kwance?"

"Ni! Ko a barci!"

"Oga, ɗauki hoto. Matsa kusa."

Karo na farko a tarihin aikinsa, Babban Makanike ya matsa har jikin tarakta, ya sunkuya a kan furen. Ma'aikatan da suka sauke akwatin rabi suka mayar da shi sama, ba tare da an ce musu komai ba.

"Ku mayar!" in ji Ko-a-Barci. "Wa ke buƙatarsa? Ku matsa ku ga aiki."

Ya haye kujerar tarakta, ya cire makulli daga wuya, ya murɗa. Inji ya tashi. Ya ja libar ɗaga garma. Hannuwan suka yi rawa, suka yi ƙugi, sannan, abin mamaki, suka fara ɗagawa. Garma ta bar ƙasa. Jama'a suka ce "Kai!" Goggo ma ta saki baki. Ko-a-Barci ya miƙe tsaye a kan tarakta yana ɗaga hannu.

Garma ta kai inda ta saba tsayawa, ba ta tsaya ba, domin abin da ke tsayar da ita yana cikin kwano a hannun Manaja. Ta ci gaba da hawa. Ya tura liba, ta ci gaba. Ya ja, ta ci gaba. Akwatin ya fara wani irin kuka siriri.

"Kashe ta!" in ji matarsa.

"Haka sababbin suke yi!"

Ƙarar da aka ji, an ce har kajin da ke wurin dillali sai da suka tashi daga kan ƙwai. Akwatin ya rabu biyu. Mai mai zafi ya yi feshi, ya samu Babban Makanike a sunkuye, ya yi wa farar rigar gaisuwar da ta daɗe tana gudu, daga wuya har gwiwa. Garma ta faɗo da duk nauyinta a kan kututture. Da ƙura ta lafa, faifan garma ɗaya ya lanƙwashe. Kututture yana nan yadda yake. Ƙadangaren ya sake sauka, ya koma gefe.

Manaja ya ajiye kwanon a hankali a ƙafar tsohon, ya ce yana yi masa fatan sauƙin gwiwa, ya ce duk lokacin da suke son sayen sabon akwati ƙofarsa a buɗe take, sai dai wannan an riga an ba wani, nasu zai zo a jirgi na gaba. Motar ta juya. Unguwa ta bi akwatin katakon da ido har ya sha kwana.

Tsohon bai tashi daga kujera ba. Ya miƙa hannu, tafin yana kallon sama.

"Baba, ai ka ga ta ɗaga. Kowa ya ga ta ɗaga."

Hannun bai motsa ba.

"Matsalar daga ƙarfensu ne, Baba. Da irin namu ne..."

"Makulli."

Ko-a-Barci ya zare shi, ya sauko, ya sa a tafin. Tsohon ya jefa shi aljihu, ya dogara sanda, ya shiga gida, 'yarsa tana biye da shi da kujera, ba ta ko waiga ba.

Ko-a-Barci ya tsuguna cikin tarkacen, ya ɗago wani ɓangaren ƙarfe. Sabuwar karayar ta bi gefen waldar ne, ta bar furen lafiya, ko ganye ɗaya bai cire ba. Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku duba da kyau! Wurin da muka gyara bai karye ba!"

"Allah ya ƙara basira," in ji Mai Aski. "Kawo in rataye a shago."

Wani abu mai sanyi ya taɓa kafaɗarsa. Ya waiga. Goggo ce, da fartanya.

"Na faɗa a gaban kowa, duk wanda ya buɗe baki. Gonata tana nan inda ka san ta. In ka gama, sauran ma suna layi."

Ko-a-Barci ya karɓi fartanyar, ya jinjina ta, ya duba bakinta, ya ga har yanzu akwai sauran 'yan kallo. Ya taɓe baki.

"Gonar Goggo? Wannan ai ko a..."

"A'a," in ji Goggo. "A farke nake so. Wuce mu je."